Na San Tsoka, Na San Kitse, Amma Ƙafar Ɗana Ta Ruɗe Ni

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. A cikin Birnin Zazzau aka haife ni, ta wajen Ƙofar Kuyambana, kuma tun ina ɗan shekara tara nake bin mahaifina kwata da asuba. Ko an ɗaure min ido, in aka ɗora hannuna a kan nama zan gaya maka wannan cinya ce, wannan ƙirji, wannan tozo, wannan kuma jijiya ce da za ta wahalar da mai miya. Dabbar da aka ɗura wa dusa ta kumbura, da wadda ta yi kiwo ta tara tsoka, tun suna tsaye a kara nake bambance su. Na fara da wannan ne don ku san irin mutumin da ƙafar ɗansa ta ruɗa shekara biyu cur.

Ɗan fari ne, saboda haka ba zan kama sunansa ba. A daminar 2009 aka haife shi. Bai taka ba sai da ya kusa shekara biyu, maganarsa ma ta yi jinkiri. Inna, mahaifiyata, ta ce kada mu damu, maza dama nauyin ƙafa gare su.

Yana kai shekara huɗu sai sha-raɓarsa ta fara cika. Ba ƙaramar cika ba. In yana tsaye da gajeren wando a ƙofar gida, duk wanda ya zo wucewa sai ya tanka. Mahaifina ya yi dambe a zamaninsa, kamar yadda rundawa da yawa suka yi in kaka ta yi, don haka abokan sana'a suka dinga cewa, "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ga magajin tsoho nan." Wani makaɗin kalangu da ke zuwa wajenmu ranar Juma'a har kirari yake yi masa. Ni kuwa daɗi ya cika ni. In na dawo daga kasuwa sai in matsa ƙafar in ji ta da tauri, in ce a raina wannan ƙarfi ne.

Amma yaron faɗuwa yake yi. Ba tuntuɓe, ba santsi, kawai sai ka ga ya zube. Ba ya iya tsalle ko na tsallake ƙaramin lambatu. Dokin ƙofar zaurenmu, wanda ƙanwarsa 'yar shekara biyu take hayewa da gudu, shi sai ya dafa bango. In yana tafiya yana rangaji hagu da dama, ciki a ture gaba, dunduniya ba ta son taɓa ƙasa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda yake tashi daga tabarma. Sai ya kifa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗaga ƙugu sama, sannan ya kama gwiwarsa, ya kama cinyarsa, yana hawa jikinsa da hannuwansa kamar mai hawa tsani, kafin ya miƙe.

Na ɗauka ragwanci ne. Da bakina na ce masa raggo, ba sau ɗaya ba, kuma har gobe wannan kalma tana ci min rai. Tunanina shi ne, ga ƙafa cike, me zai hana ta aiki in ba son jiki ba? Sai na sa shi tsallen kwaɗo a tsakar gida kowace yamma, na sa shi hawa da sauka a matakalar masallacin unguwa. Da dare sai ya yi ta kukan ƙafafunsa suna ciwo, in ce ƙarfi ne ke shiga. Abinci kuwa na ce nama shi ke zama nama. Tozo, kitsen ƙoda, romon ƙashi mai maiƙo, tsire da daddare, duk abin da ya fi maiƙo a tebur nasa ne.

Babarsa tana kallo ba ta cewa komai, sai rama take yi. Wani dare bayan yara sun yi barci ta ce, "Malam, akwai maganar da na daɗe ina jin tsoron faɗa maka." Ta ce yayanta, wanda ya rasu a ƙauyensu ta wajen Giwa tun tana ƙarama, haka yake tashi daga ƙasa. Shi ma ƙafafunsa manya ne. Ya daina tafiya yana wajen shekara goma sha ɗaya, bai kai ashirin ba Allah ya karɓi abinsa. A ƙauyen wasu sun ce shan inna ne, wasu sun ce ya taka wani abu. Na ce mata ta bar kawo wannan tunani. Amma ban yi barci ba.

A 2014 zazzaɓi ya kama shi, muka kai shi wani asibitin kuɗi. Aka ɗebi jini, aka ce wasu sinadarai biyu da ake auna lafiyar hanta da su sun hau sosai, wai ciwon hanta ne. Wata huɗu muna sayen magani, ga jiƙe-jiƙen da 'yan uwa ke kawowa. An gwada ƙwayar cutar hanta ba a samu ba, idonsa bai yi ɗorawa ba, amma lambobin sun ƙi sauka. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta shigo barka, ta ga yadda ya tashi zai gaishe ta. Ta ce ya sake zama ya tashi. Sai ta ja ni gefe ta ce, "Baban yara, ku bar zancen hantar nan tukuna. Ku kai shi Shika, wajen likitocin yara masu duba jijiya da tsoka."

Farkon 2015 muka tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Daga Ƙofar Doka muka bi ta Tudun Wada, Kwangila, Samaru, yana kan cinyata yana ƙirga manyan motoci. Likitar da ta gan mu ba ta fara da allura ba. Ta shimfiɗa zani a ƙasa ta ce ya zauna ya tashi, tana duba agogo. Ta sa shi gudu a baranda. Ta matsa sha-raɓarsa, ta tambayi babarsa ko a danginta akwai namijin da ya taɓa yin haka. Sannan ta rubuta gwajin jini guda ɗaya, na wani sinadari da suke kira CK. Ta ce a jinin mai lafiya ba kasafai yake wuce 200 ba. Na yaron nan ya haura 10,000.

Da muka koma, ta tambaye ni sana'ata. Na ce fawa. Ta ce, "To Malam, kai za ka fi kowa gane abin da zan nuna maka." Ta juyo da kwamfutarta. Hotuna biyu ne na cinyar yara, irin wanda na'urar MRI ke ɗauka, kamar an sare cinyar a gicciye ana kallon bakin saran. Wannan kallo kullum shi nake yi. A na farko ga ƙashi a tsakiya, ga tsoka baƙi-baƙi ta kewaye shi dam, ga ɗan siririn farin kitse a ƙarƙashin fata. A na biyu faɗin cinyar bai ragu ba, amma fari ya ratsa ko'ina, ya cinye wajen tsokar, sai 'yan tsibirai da suka rage. Ba ta yi min bayani ba ma na gane. Da dabba ce aka feɗe na ga haka, da na san ba ta iya jan garma.

Ta ce in kama sha-raɓata in taka da ƙarfi, sannan in saki. Na ji ta yi tauri, ta kuma saki ta yi laushi. Ta ce in kama ta yaron. Ko ya taka ko ya saki, kusan ɗaya take, tauri irin na roba. Shekara biyu ina matsa ƙafar nan, hannun da ya san nama tun yana yaro, ban taɓa lura ba, don abin da nake so in ji shi nake ji.

Ga yadda na fahimci abin, da bakin mahauci. Duk tsoka zare-zare ce, kamar yadda kake gani in ana dambun nama. Kowane zare yana da 'yar yana siririya da ta lulluɓe shi. Akwai wani furotin, distirofin, wanda aikinsa shi ne ya ɗinke cikin zaren da yanar, don in tsoka ta ja kada ta yage. Yaron nan jikinsa ba ya yin wannan furotin. Saboda haka duk motsin da ya yi sai yanar ta tsage, abin da ke ciki ya tsiyaye cikin jini. Shi ne CK ɗin da ya hau, kuma sinadaran nan biyu da aka ɗora wa hanta laifinsu, daga tsoka suke fitowa. Jiki yana gyara, ya sake gyara, har ya gaji, sai ya dinga cike gurbin da kitse da tabo. Kamar katangar ƙasa ce da tubalinta ke zubewa, ana cusa tsumma a ramin ana shafe wa da yaɓe. Daga waje katanga cike take, amma ba ta ɗaukar azara. Sunan ciwon maskula distirofi, lalacewar tsoka, kuma irin nasa shi ake kira Dushen. Ba shan inna ba ne, domin shan inna ƙwayar cuta ce ke shiga ta taɓa jijiyar laka, wannan kuwa da shi aka haife shi.

Na tambaye ta tsallen kwaɗon da nake sa shi fa. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce irin wannan motsa jiki na dole, musamman saukowa daga matakala da tsugunne-tashi, shi ya fi yaga tsokar, mu daina daga yau. Ba ta tsawata min ba. A Keke Napep ɗin da ya dawo da mu na juya fuskata waje don kada yaron ya ga hawayena.

An aika jininsa waje don tabbatarwa, kuɗin ya ci ribar wata da watanni, sakamakon ya dawo ya nuna wani yanki na ƙwayar halittar gado da ke sa jiki ya yi distirofin ya ɓace. Daga nan sai wata fitinar ta taso a dangi. Ƙwayar tana kan abin da ake kira kuromosom X. Mace tana da biyu, in ɗaya ya samu matsala ɗayan yana rufa masa asiri. Namiji ɗaya gare shi, daga uwa yake samunsa. Uwar da ke ɗauke da ita, duk cikin da ta yi na ɗa namiji rabi da rabi ne, ko ya samu ko ya tsira. Da wannan bayani ya shiga kunnen wasu 'yan uwana sai ya koma "matarka ce ta kawo mana ciwo gida." Har aka samu mai ba ni shawarar in sallame ta. Na ce masa ita ma gada ta yi ba ta sani ba, kamar yadda na gaji tsawon mahaifina ban roƙa ba. Likita ma ta ce kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo ba a gado suka samu ba, a kansu canjin ya fara. Matar da ta ga yayanta ya tafi a haka, yanzu tana kallon ɗanta, ita za a ƙara wa da gori? Ban sake bari an yi wannan magana a gabana ba. Ƙaninsa da aka haifa daga baya an gwada CK ɗinsa, lafiya lau.

Likita ta faɗa mana gaskiya cewa babu maganin warkewa, amma akwai na jan lokaci. Aka ɗora shi a kan firedinisolon, ana auna yawansa da nauyin jikinsa, da gargaɗin kada a kuskura a tsayar da shi rana ɗaya kwatsam. Watannin farko muka ga canji. Faɗuwa ta ragu, yana tashi da sauri fiye da da. Amma maganin ya zo da yunwa irin wadda ban taɓa gani ba. Ya ci tuwo ya ce a ƙara, tsakar dare ya tashi neman abinci. Fuskarsa ta yi zagaye, ciki ya fito, tsawonsa ya tsaya. Mutanen unguwa suka ce, "Masha Allah, yaro ya murmure, magani ya karɓe shi."

A nan na sake faɗawa ramin da na fito. Duk zuwa asibiti in aka ɗora shi a sikeli na ga ya ƙaru sai in ji sanyi. Wata ma'aikaciyar sashen abinci ce ta dawo da ni hanya. Ta ce, "Malam, in mace ta zo teburinka ta sayi kilo ɗaya na tsoka, wata ta sayi kilo ɗaya na kitse, me sikelinka zai ce?" Na ce ɗaya ne. Ta ce, "A tukunya fa?" Na yi shiru. Ta ce sikeli nauyi ya sani, bai san mene ne ke da nauyin ba. Namiji baligi mai lafiya, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa tsoka ce. Yaron nan tsokarsa raguwa take yi kowace shekara, don haka duk kilon da ya ƙaru, kaya ne aka ƙara wa ɗan abin da ya rage. Har yaron da ake ganin nauyinsa daidai yake da tsawonsa, in yana da wannan ciwo, kitsen jikinsa ya fi na sa'anninsa nesa ba kusa ba, domin wani kitsen a cikin tsokar yake ɓoye. Ta ƙara da cewa tsoka ita ce murhun jiki, ita ke ƙone abinci ko mutum yana kwance. In murhu ya ƙanƙance kuma motsi ya ragu, itacen da ake zubawa da dole a rage shi.

Shi ya sa a asibitin ba su tsaya ga sikeli kaɗai ba. Suna tsunkular fatar bayan damtsensa su auna kaurinta. Suna ƙirga daƙiƙa nawa yake ɗauka ya tashi daga ƙasa, nawa yake ɗauka ya yi tafiyar mita 10. Na sayi ɗan littafi ina rubuta waɗannan daƙiƙoƙi, su suka zama sikelina.

Rage abincin nan shi ne yaƙi mafi wuya da muka yi a gida, ya fi neman kuɗin magani wuya. A wajenmu ƙauna a kwano take. Inna ba ta iya ganin jikanta yana cewa bai ƙoshi ba. Sai ta kira shi ɗakinta ta dama masa fura da sukari, ta ɓoye masa ƙosai da lemon kwalba. Da na yi magana ta ce, "Yaron da ba shi da lafiya za ku hana wa abinci? Ɗan mahauci guda?" Ban iya yi mata musu ba. Abin da na yi shi ne na roƙe ta ta raka mu asibiti. Ta ji da kunnenta, ta ga yadda yake haki kafin ya kai ƙarshen baranda. A hanyar dawowa ba ta ce uffan ba. Washegari ita da kanta ta ce a daina sayen lemon kwalba a gidan, kowa da kowa.

Dabarar da ta yi aiki kenan, ba a ware masa tukunya ba, gidan gaba ɗaya ya canza. Muka rage mai da sukari da gishiri, don maganin yana tara ruwa a jiki yana kuma iya ɗaga hawan jini. Tuwo ya koma malmala ɗaya, miya ta yawaita, kuka, kuɓewa, alayyafo, zogale. Wake, ƙwai, kifi, nono ba sukari. Nama ba a hana shi ba. Ni nake zaɓar tsoka zalla, in zauna da wuƙa in feƙe kitsen tas. In yunwar magani ta taso da dare sai a ba shi kokwamba, karas ko gwanda. Ana ba shi bitamin D, ana fitar da shi hantsi, don maganin da rashin taka ƙasa duk suna sa ƙashi ya yi rauni.

Masu gashin ƙashi, 'yan fisiyo, suka koya wa babarsa miƙar da agara. Tsokar da ta koma tabo gajarcewa take yi, tana jan dunduniya sama. Safe da dare sai ta riƙe tafin ƙafarsa ta tura a hankali tana ƙirge. An yi masa takalmin roba na kwana da ke riƙe ƙafar a miƙe. A zafin Maris da Afrilu, ga ba wuta, ya sha cire shi ya jefar yana kuka. Wani daren mu ƙyale shi, wani daren mu lallashe shi.

Ba zan ɓoye ba, mun bi wasu hanyoyin. An yi rubutu an sha, an yi addu'a, kuma har yanzu muna yi. Amma akwai waɗanda suka karɓi kuɗinmu da alkawarin zai yi gudu cikin kwana arba'in, da man shafawa da turare. Wani ma tsaga ya so yi masa a sha-raɓa wai ya fitar da mugun jini, na hana. Wanda zai kalli uban yaro mara lafiya ya sayar masa da ƙarya, ban san da wane ido zai kalli Ubangijinsa ba.

Shekarar korona ta yi mana illa. Makaranta a rufe, zuwa asibiti ya yanke, 'yar tafiyar da yake yi kullum ta tsaya, nauyi ya hau. Ranar da aka yi jana'izar Sarki Shehu Idris, a Satumban 2020, da ƙafarsa ya fita bakin titi yana dafe da kafaɗata, muna kallon jama'a na tururuwa zuwa fada. Ita ce doguwar tafiyarsa ta ƙarshe. Kafin azumin 2021 ya zauna. Wata safiya ce ya yunƙura daga bakin gado, ƙafafun suka ƙi, ya ce, "Baba, yau ba za su yi ba." Yana da shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni.

Muka samu keken guragu, na sa aka fasa dokin ƙofar zaure aka yi gangara da siminti. Lungunan Birni ba don keke aka yi su ba, ga rairayi ga lambatu, amma abokansa na islamiyya suka raba kwanaki a tsakaninsu suna tura shi. A wannan lokacin ne na gane amfanin yaƙin da muka yi da kwano. Ɗaga shi daga gado zuwa keke, daga keke zuwa bayi, sau nawa a rana? In ina kasuwa babarsa ce ke yi, har bayanta ya fara ciwo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yanzu mutum biyu ke ɗaga shi, ɗaya ta ƙirji ɗaya ta gwiwa. Ba a kama shi ta hammata a ja sama, don kafaɗun ba su da tsokar riƙewa, sai ya zame.

Ciwon yana da tsarin tafiyarsa. Ya fara da ƙugu da cinya, ya hau kafaɗa da damtse, yatsu su ne na baya. Ji bai taɓu ba, ko sauro ya sauka a ƙafarsa ya sani, sai dai ba ya iya kore shi. Idonsa garau, kansa garau. Shi ne ma ya zama malaminmu a kan ciwon. Da wayar da kawunsa ya saya masa yake karanto mana cewa Dushen sunan wani likitan Faransa ne da ya bayyana ciwon a shekarun 1860, kuma irin tashin nan na hawa jiki wani likitan Ingila, Gowas, ya siffanta shi a 1879. Ya ce a Amurka aka gano ƙwayar halittar a 1986, furotin ɗin kuma a 1987, kuma ana samun ciwon a wajen ɗa namiji ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000 da aka haifa. Da na ji wannan lissafi na tuna yawan yaran Zariya da kewaye, na ce ashe akwai gidaje da dama da ke kiran abin shan inna ko sammu. Ya ce ƙwayar gaɓoɓi 79 gare ta, shi ya sa aka sa ranar 7 ga watan 9 ta zama ranar tunawa da masu ciwon a duniya. Wata rana ya karanto cewa a 2023 Amurka ta amince da wani magani na dasa ƙwayar halitta, kuɗinsa dala miliyan 3.2, kuma shi ma ba warkarwa yake yi ba. Ya ajiye wayar ya ce a kunna masa rediyo.

Akwai tsokar da ba a gani, kuma ita ce yanzu hankalinmu ke kai. Duk mahauci ya san zuciya tsoka ce zalla, haka ma faffaɗan naman nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda shi ke jan numfashi. Su ma suna buƙatar distirofin. Duk shekara ana yi masa hoton zuciya, an kuma ɗora shi a kan maganin da ke rage mata aiki tun kafin ta nuna gajiya. Yana hura wata na'ura a auna ƙarfin huhunsa. Tarinsa ba shi da ƙarfi, don haka hunturu da ƙurarsa lokacin fargaba ne a gidanmu. An koya min yadda zan dafa ƙasan haƙarƙarinsa in tura daidai lokacin da zai yi tari, majina ta fito. A aljihun kekensa akwai takarda da likita ta rubuta, cewa in ta kama za a yi masa tiyata, akwai magungunan sa barci da ke da haɗari ga masu wannan ciwo. Babarsa ma an ce ta dinga duba zuciyarta, domin mata masu ɗauke da ƙwayar wani lokaci tana taɓa su ta nan. Ƙannensa mata biyu mun yi shawara za a gwada su kafin maganar aure ta taso, su shiga da saninsu.

Abin da ban zata ba shi ne lissafin abincin zai juye. Tun da ya shiga shekara goma sha biyar nauyinsa ya fara sauka ba mu nema ba. Tauna tana gajiyar da shi, haɗiya tana ɗaukar lokaci, kai loma baki ma aiki ne, sai ya jingina gwiwar hannu a kan tebur ya sunkuyo da kai. Kwanon da yake cinyewa cikin minti biyar yanzu sai ya yi rabin awa bai gama ba. Inna ta ce, "To ga shi kun samu ramar da kuke so." Na ce mata ba wannan muke so ba. Ma'aikaciyar abincin ta ce wannan ramar ta fi ƙibar haɗari, domin jikin da bai samu abinci ba ɗan guntun tsokar da ta rage yake ci. Yanzu ƙarawa muke yi, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana. Kunun gyaɗa mai kauri, nono, ƙwai, faten wake, alale. Tsire ya fi ƙarfinsa. Sha-raɓar nan da aka yi wa kirari tana nan da ɗan girmanta, cinyoyin kuwa sun zube.

Yatsunsa suna aiki. Shi ke riƙe min lissafin teburi a waya, wa ya karɓi kilo nawa, mai abincin Sabon Gari nawa ta biya, nawa ya rage. In na yi kuskure ya gyara min. Da dare sau uku ake juya shi, don ba ya iya juya kansa. Babarsa tana yin na farko da na biyu, ni nake yin na asuba kafin in fita kwata. In sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗarsa, ɗaya ƙarƙashin ƙugu, in mirgina shi dama, in sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, in gyara masa tafin ƙafa.

Yau da asuba ina juya shi ya buɗe ido ya ce, "Baba, kar ka manta Alhamis ne hoton zuciya." Na ce ban manta ba, na riga na yi magana da mai Keke. Ya ce in an yanka saniyar in ware masa tsokar nan mai laushi ta cikin gadon baya, Umma za ta daka masa dambu. Na ce to. Na ja masa bargo, na ɗauki wuƙaƙena na fita.